Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Kwamfutar Baba ta ƙi tashi.

Ya danna mata maɓalli kamar kullum, ta yi gurnanin nan nata, sai allon ya tsaya baƙi ƙirin da wani ɗan rubutu fari a sama. Ya kashe ya kunna, ya sake kashewa ya kunna. Ina kicin ina jin sa. Da na leƙo ya ce, "Auta, wa ya taɓa mini kaya?" Na ce ba kowa. Ya ce to ita ta taɓa kanta ke nan.

Na yi dariya don ya ga na yi. Yanzu ga shi na makara, Gwaggo kuma ba ta iso ba.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta yadda safiyar gidan nan take, don kada wata rana in ɗauka mafarki na yi.

Baba malamin lissafi ne, ya koyar har gashinsa ya yi fari. Bayan rasuwar Mama ya ɓullo da wani wasa. Kowace safiya sai ya zauna gaban tsohuwar kwamfutarsa mai ƙaton ƙeya, ya tsara tambayoyin jarrabawa, firinta ta fitar, ya ajiye mini a tebur. In na dawo daga kantin maganin da nake aiki in zauna in amsa, shi kuma ya yi mini maki yana tsaki. Ni da na tsani lissafi tun ina firamare, ga ni da girmana ana rubuta mini "ƙara ƙoƙari".

Tun da likita ya faɗi abin da ya faɗa game da mantuwar Baba, abin ya daina zama wasa. In Baba ya samu wannan zaman na safe, yinin ranar lafiya lau. Ya san ni, ya san ƙanwarsa Gwaggo da ke zuwa ta zauna da shi in na fita, ya san wace ƙofa ce ta banɗaki. In bai samu ba, ban san yadda yinin yake ba, don ban taɓa bari mu gani ba.

Yau mun gani kaɗan. Gwaggo ta ce tun da na fita yake zagaye ɗaki yana neman alli.

Yaya ya daɗe yana cewa a kai masa Baba. Gidansa da faɗi, yana da mai kula, asibiti na kusa. Amma tafiyar yini guda ce daga nan, kuma Baba ƙofofin gidan nan ya sani. Mun tsaya a kan cewa muddin yana zaune lafiya, a nan zai zauna. Ban kira Yaya ba.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru yau ba.

Baba ya fita shi kaɗai, amma an same shi. Mai wanki ne ya riƙo hannunsa ya kawo shi, takalmi ƙafa ɗaya. Na sayo kwaɗo na sa wa ƙofar waje. Gwaggo tana ta kuka tana cewa banɗaki kawai ta shiga. Na ce mata ba laifinta ba ne, amma da muryar da na faɗa gara ban faɗa ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na naɗe akwatin kwamfutar a zani na kai wa mai gyara. Injiniya ake ce masa, wani dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Shagonsa ba wurin aje ƙafa, ko'ina gawar kwamfuta ce da wayoyi.

Yana warware zanin ya ce, "Malama, wannan ai ta girme ki."

Na ce, "Ba ta girme ni ba, amma ta girmi shagonka."

Ya kwance ta, ya hure ƙura, ya kara kunne kamar likita. Ya ce ma'adanarta ce ta mutu, wato inda take ajiye komai. Babbar manhajar da ke tashe ta ta ba ta fuska, ita ma ta tafi tare da ma'adanar. Na ce to a sake sa mata irinta. Ya ce irinta an daina yi tun tuni, sababbin na kuɗi kuwa in aka ɗora mata daidai yake da a ɗora wa tsohuwa buhun siminti.

"Ki saya wa tsoho sabuwa mana, ki huta."

Na ce wannan ɗin ya sani. Ya sauke tabaran goshinsa ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Na gode masa a raina.

Ya ce akwai wata manhaja ta kyauta, mara nauyi, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suke yin ta, ba su neman ko sisi. Tsofaffin kwamfutoci irin wannan da ita ake raya su. Ya sa mini wata ma'adana da ya ciro daga wata gawar, ya ce in bar masa zuwa jibi ya ɗora. Na ce a'a. Ba zan bari Baba ya sake tashi ya ga tebur wayam ba. Sai ya zuba mini manhajar a filashi, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, ya koya mini yadda zan yi, ya maimaita har na ƙosa.

"In kin kunna, ki yi ta dukan maɓallin nan na sama. Kada ki ji tausayinsa."

Na dawo da ita na jona komai yadda yake. Ban kira Yaya ba.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na roƙi rabin yini a wurin aiki. Gwaggo ta riƙe Baba a falo da talabijin, ni kuma na kulle kaina a ɗakinsa.

Sau uku ina kunnawa tana wuce ni kafin in daki maɓallin. A na huɗu wani shuɗin allo ya fito mai rubutu kamar takardar asibiti. Nan na ga kwamfutar tana tsammanin muna wata shekara ce tun ina sakandare. Injiniya ya ce wani ɗan batir ne mai kama da kwabo ya ƙare a cikinta, shi ya sa ba ta riƙe kwanan wata. Na zauna ina kallon shekarar nan na ɗan lokaci, sannan na gyara mata. Na gaya mata ta tashi daga filashi.

Ta tashi kuwa. Ta fara yi mini tambayoyi cikin ladabi: wane harshe, wane yanki na duniya, wane irin allon rubutu. Sai ta ce, a goge komai a ɗora sabo? Na san babu komai a ciki, ma'adanar ma ba tamu ba ce. Duk da haka yatsana ya ƙi sauka. Sai da na rufe ido na danna.

Ta nemi sunan mai ita, na rubuta MALAM, da manyan baƙaƙe kamar yadda yake a da. Ta nemi kalmar sirri, na sa, sannan na zaɓi wurin da Injiniya ya nuna mini don kada ta taɓa tambayarsa. Baba ba ya buƙatar ƙarin wani abu a gidan nan da zai tare shi da tambaya.

Daga nan wani ɗan layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama. Ina jin Baba a falo yana tambayar Gwaggo ko an tashi 'yan aji uku. Da layin ya cika na zare filashi, ta kashe kanta ta tashi. Kafin in gyara zama har ta buɗe, fes da ita, firinta ma ta gane shi ba tare da na roƙe ta ba.

Wallahi na ji daɗi. Na daɗe ban yi abu ya yiwu ba.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Ya zauna, ya kalli allon, ya kalle ni.

"Wannan ta waye?"

"Taka ce, Baba. An gyara ta."

"Ni ban san ta ba. Ki mayar wa masu ita kafin a ce mun ɗauki kayan mutane."

Na nuna masa tabon kofin shayinsa a kan akwatin. Ya yarda akwatin nasa ne, amma ya ce an sa wani a ciki. Ya ɗauko tawul ya rufe allon, ya koma bakin gado ya zauna.

Na tafi aiki na ba wata mata maganin tari alhali na ciwon kai ta ce. Allah ya sa ta duba kafin ta fita.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Yaya ya kira. Ina kallon wayar har ta gaji.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Laifina ne. Na ɗauka in ta tashi shi ke nan. Ban yi tunanin fuskarta ba. Sabuwar ta zo da hoton wasu duwatsu da ƙanƙara, layin ƙasa ya koma sama, alamomi duk sun canja wuri. Ni kaina sai da na lalube ta, balle shi.

Abin da ya ba ni ƙarfi shi ne wannan manhajar ba ta da taurin kai. Duk abin da ka ce ta canja sai ta canja. Na cire duwatsun. Na sauko da layin. Matsalar ita ce ban tuna inda komai yake a da ba. Shekara da shekaru ina wucewa ta bayansa da tire, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Ina cikin wannan sai na sa allon ya yi fari tas, na ga wasu inuwoyi dishi-dishi a jikin gilashin. Ashe tsohon allon ya daɗe yana nuna abu ɗaya har abin ya kama jikinsa. Ga layin ƙasa, ga alamomi uku a gefen hagu, ga guda ɗaya ita kaɗai a tsakiya, wadda yake dannawa ya samu farar takarda. Na ja sababbin na ɗora kowacce a kan inuwarta.

Sai launin baya. Na ce shuɗi ne, Gwaggo ta ce kore.

"Gwaggo, ni nake goge allon nan."

"Ke kike gogewa, ni nake yini da shi. Kalar bahon wankan uwarki ne, wanda ya fashe."

Na yi ta juya launi tana cewa ƙara, rage, kin zarce, kai yarinyar nan ko makauniya ce. Can na waiga na ga ta toshe baki da mayafi. Na bar shi a nan.

Injiniya ya turo mini ɗan kiɗan da tsohuwar take yi in ta gama tashi. Na sa shi. Da ya buga, Baba daga falo ya ce, "Wa ke ɗakina?"

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma

Ban bari ya gwada yau ba, ya tashi da ciwon kai.

Muna wanke-wanke Gwaggo ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Auta, tambayoyin da ya yi miki kafin abin nan ya lalace, guda nawa ne a takarda?" Na ce ta miƙo mini soso.

Ban kira Yaya ba.

Talata, ƙarfe tara na safe

Na kunna ta tun kafin ya shigo, na cire tawul ɗin. Yana ganin allon fuskarsa ta washe.

"Yauwa. Ta dawo. Ina kika je, 'yar banza?"

Ya shafa kanta. Na kusa faɗuwa don murna. Amma ya ce ba haka ake yi ba, shi ke kunna abarsa. Ya kashe, ya sake danna maɓallin, ya miƙe.

A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Tsohuwar manhajar nawa gare ta, in an kunna ta sai ka dafa shayi kafin ta buɗe. Baba ya gina safiyarsa a cikin wannan jiran. Ya danna, ya je ya buɗe taga, ya zuba wa shukarsa ta cikin gwangwani ruwa, ya goge tabarau, ya dawo ya ja kujera, daidai nan kiɗan zai buga. Ƙafafunsa sun haddace wannan ko da kansa bai riƙe ba.

Yau ko tagar bai kai ba kiɗan ya buga. Ya juyo da kofin ruwa a hannu. Ya kalli taga, ya kalli kwamfuta. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki bai san tafiya yake ko dawowa ba. Ruwan ya fara zuba a kan ƙafarsa bai ji ba.

"Na makara ne? An shiga aji?"

Na karɓi kofin. Na ce ba a shiga ba. Bai zauna ba, yinin nan duka bai zauna ba.

Ni da nake ta yi wa Gwaggo burga cewa yanzu kamar walƙiya take tashi.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Na je wurin Injiniya lokacin hutun cin abinci. Na ce ina so ya koya mini yadda zan rage mata gudu.

Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya yi dariya har da tari.

"Malama, tun ina saurayi nake aikin nan. Kowa kukansa ɗaya, tawa ba ta sauri, tawa ba ta sauri. Ke ce mutum ta farko da ta zo neman a rage wa tata sauri."

Na gaya masa dalili a taƙaice. Dariyar ta ɗauke. Ya ce abu ne mai sauƙi, akwai wata lamba da ke gaya mata tsawon jiran da za ta yi kafin ta fara tashi. In buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, in canja lambar, allon zai zauna baƙi har lokacin ya cika. Ya nuna mini a kan tasa. Da na tashi tafiya ya ce nasa mahaifin tela ne, har ƙarshe yana taka keken da babu zare.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ban san wace lamba zan sa ba, don ban san tsawon jiran ba. Sai na rufe ƙofa na zama Baba.

Na danna maɓalli, na dafa tebur na miƙe yadda yake miƙewa. Na ja ƙafar hagu zuwa taga. Na yi kokawa da sakatar da ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta. Na zuba ruwa a hankali, na tsaya ina duba ganyen kamar yadda yake yi. Na goge tabaran da ba ni da shi da bakin riga. Na dawo na ja kujera. Wayata tana ƙirga lokaci a kan gado.

Na maimaita don in tabbatar. A karo na biyu ina bakin taga kuka ya ƙwace mini, irin wanda ba ya tsayawa, har ƙirgar ta ɓaci. Sai da na wanke fuska na sake daga farko.

Na sa lambar. Yanzu tana jira.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Ya kira ni da sunan da yake kiran Mama. Na amsa.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Gwaggo ta gaya wa Yaya komai, har da maganar mai wanki. Ta faɗa mini da bakinta, ta ce in zan yi fushi in yi. Na yi kuwa.

Ya kira na ɗauka, na shirya faɗa tsaf. Sai ya ƙi ba ni abokin yi.

"Auta, kina cin abinci kuwa?"

Na ce ba wannan ya kira ya ji ba. Ya ce ba ya so ya ƙwace mini Baba, amma kwaɗo a ƙofa ba zama lafiya ba ne, kuma Gwaggo ba yarinya ba ce. Na ce kwamfutar ce ta jawo duk wannan, kuma na kusa gamawa. Na ce ya ba ni 'yan kwanaki, zai ga Baba ya koma yadda yake. Sannan ya ce, "To, Allah ya sa. Ni dai motata a shirye take, ke za ki ce mini in zo."

Da ya yi mini tsawa da na fi jin daɗi.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Bai shiga ɗakin ba. Ya ce yau hutu ne.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Yau ma. Na gwada ta ni kaɗai. Komai daidai.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ya tashi garau yau. Ya kira ni Auta, ya ce shayin ya yi sanyi, ya tambayi lafiyar yaran Yaya. Sai ya shiga ɗakinsa da kansa. Na tsaya bakin ƙofa ina kallonsa.

Ya danna maɓalli. Ya buɗe taga, ya ba shuka ruwa, ya goge tabarau. Ya ja kujera, yana zama kiɗan ya buga. Daidai. Ko waigowa bai yi ba, don a wurinsa babu abin mamaki. Ya kama linzamin kwamfutar ya kai kan alamar tsakiya, farar takarda ta buɗe. Ya gyara wuyan riga. Da yatsu biyu ya buga, da saurinsa na da: Tambaya ta ɗaya.

Na ce a raina, Yaya, ka mayar da motarka gareji.

Sai ya tsaya. Ɗan layin nan yana ƙiftawa a ƙarƙashin rubutun. Ya rubuta "Idan", ya goge. Ya sake rubuta "Idan mutum", ya goge. Leɓensa na motsi. Ya ɗaga yatsu yana ƙirgawa, ya kai uku ya rasa na gaba. Na ga gumi a ƙeyarsa.

Daga nan ya fara neman inda matsalar take. Ya girgiza linzami. Ya ɗaga allon rubutu ya duba ƙarƙashinsa. Ya leƙa bayan akwatin ya tattaɓa wayoyi. Ya danna baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fito ba musu.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Kin ce an gyara ta?"

"Ni na gyara ta da kaina."

"Duka?"

"Duka."

"Babu abin da ya rage?"

Ni kuma sakarai, ina jiran yabo, na ce, "Ko ɗaya, Baba. Ta fi da lafiya."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ya daɗe yana kallon takardar. Idonsa tar, duk makonnin nan ban ga ya san inda yake kamar wannan lokacin ba.

"To," ya ce. "Ashe ita lafiyarta ƙalau."

Ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ya ce, a hankali, kamar yana roƙon alfarma, "Kashe ta, Auta."

Na kashe.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Bai ci abinci ba. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Ba barci yake ba.

Tun ranar da ta lalace yake zaginta, yake zagin mai gyara, yake cewa an ɓata masa aiki. Yana da wanda zai ɗora wa. Ni na bi na cire masa wannan da hannuna, har da launi, har da kiɗa, ban bar masa ko ƙofa ɗaya ba. Tambayar da Gwaggo ta yi mini rannan, na san amsarta tun lokacin. Guda ɗaya ce, ita ma ba ta ƙare ba.

Na kira Yaya. Na ce ya zo ranar Asabar. Bai ce ai ya faɗa ba. Ya ce, "Sannu, Auta." Na kashe wayar kafin ya ji kukana.

Litinin, ƙarfe shida na safe

Kafin ya tashi na ɗauko sukuddireba na buɗe akwatin. Na zare wayar da ke shiga ma'adana, na naɗe ta a gefe inda ba za ta taɓa komai ba, na mayar da murfi. Manhajar tana nan a ciki lafiya lau, ba abin da ya same ta.

Gwaggo, da ta kwana a gidan, ta shigo ta same ni ina ɗaure noti na ƙarshe. Ta kalle ni, ta kalli akwatin. Ta ce bari ta ɗora ruwan shayi.

Litinin, ƙarfe takwas da rabi na safe

Abin da ya faru jiya bai kwana a kansa ba. Ya shiga ɗaki da kuzarinsa, ya danna maɓalli, ya buɗe taga, ya ba shuka ruwa, ya goge tabarau, ya zauna. Allo baƙi da ɗan rubutu fari a sama. Ya kashe ya kunna. Ya yi tsaki mai ƙarfi, irin wanda yake yi wa amsoshina.

"Auta! Wannan abar har yanzu?"

"Har yanzu, Baba. Mai gyara ya ce sai wani satin."

"Malalacin banza. Da ɗalibina ne da ya maimaita aji."

Ya karɓi shayinsa ya shanye tas, ya nemi ƙari. Ya nuna ni da cokali ya ce in shirya, don ranar da aka gyara ta, tambayoyin da ya tara mini a kansa sai na yi kuka.

Na ce ina jira, Baba.